Akushin Baba Sale

Ranar wata Asabar ce da hantsi, cikin bazarar shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, ina ɗan shekara goma sha biyu, na faɗa a guje cikin wadarin Baba Sale masaƙi. Tun da sassafe ya kafa turakunsa a lungun da ya ratsa tsakanin gidanmu da nasa a unguwar Yara, ya ja farin zare iya tsawon lungun, yana kai da komowa a hankali. Ni kuwa na samo tsohon ƙarfen ƙafar keke ina kora shi da sanda, yara huɗu suna bina. Na ga zaren sarai. Ban kauce ba, domin a lokacin gani nake ba a yi abin da zan kauce wa a unguwarmu ba. Ƙarfen ya shige, zare ya tsintsinke ya nannaɗe shi, turaku biyu suka tumɓuke. Kafin in juya tsohon ya cafke kunnena. A gaban abokaina ya ce, "Kai Ɗanlami, bokon naka bai koya maka ido ba? Kakanka ya fi ubanka arziki, amma in ya zo nan tattare riga yake ya tsallake zare." Ya zaunar da ni a ƙasa, ya sa na yi ta ƙulla zaren ɗaya bayan ɗaya har aka kira azahar, abokaina na leƙowa daga bayan danga suna dariya. Laifina ne, ko jariri ya san haka. Amma da na tashi ina karkaɗe wando, na ɗauki alkawari a raina cewa sai na rama.

Ya kamata in faɗi irin yaron da nake, don kada wani ya tausaya mini. Gidanmu tsohon gida ne a Keffi, mai zaure biyu da rijiya da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Mahaifina, wanda muke kira Baffa, yana da rumfar hatsi a kasuwa da gonar dawa da doya a bayan gari. Ban taɓa kwana da yunwa ba. Aikina bai wuce sharar zaure da safe ba, da yanko wa awaki ciyawa, da rakiyar yayyena wanki a rafin Antau, inda na fi ba da ƙarfi ga iyo da jifan ƙadangaru. In damina ta faɗi a kai mu gona, ni a ba ni ƙaramar fartanya da kunya biyu, in yi ɗaya in ce cikina na ciwo. A makaranta kuwa ni ne monita. Ni ke riƙe da alli, ni ke rubuta sunan masu surutu, ni ke tsayawa kusa da malam ranar Litinin ana duba farce da haƙora. Yaran da suke takowa daga ƙauyuka, masu kaki ɗaya da ake wankewa ranar Lahadi, waɗanda Hausarsu ke fita da ƙamshin Gwandara ko Mada, su na fi rubutawa ko ba su yi magana ba. Na iya haɗa baƙi na karanta takardar kwalbar magani, sai na ɗauka duk wanda bai iya ba bai cika mutum ba. Ɗan ƙaramin ilimi a kan babban girman kai, kamar hula a kan tulu, haka nake.

Baba Sale kuwa ya haura sittin a lokacin. Dattawa sun ce a dā babu amaryar da za a kai ɗaki a Yara ba tare da gwadonsa ba, kuma fatake daga Nasarawa sukan kwana a ƙofarsa suna jiran ya sauke saƙa. Sai kuɗin mai suka shigo, atamfa da shadda da bargon kanti suka cika kasuwa, mutanen da iyayensu suka yi ado da saƙi suka fara cewa yana da nauyi, yana kankare fata. Ya ci gaba da saƙa duk da haka, yana ninkewa yana ajiyewa. 'Ya'yansa maza ba su rayu ba, 'yarsa ɗaya tana aure a Gitata, daga shi sai matarsa Goggo Ladi wadda idonta ya fara mutuwa. Amma ba za ka gan shi ka ce yana da damuwa ba. Rigarsa ɗaya ce ta fita, kullum a wanke a buge. Yana tafiya ƙeyarsa a miƙe, yana gyara wa yara gaisuwa, yana gyara wa liman sahu. Ni abin da ya fi ba ni haushi ke nan, mutum ba shi da ko keke amma yana magana kamar shi ya kafa garin.

A zauren gidanmu ake ciyayyar lungunmu. Bayan sallar magariba kowane magidanci zai zo da tuwon gidansa a rufe, a shimfiɗa tabarmi, a kunna fitilar ƙwai, a ci tare. Ƙa'idar zauren ita ce mai gida kaɗai ke buɗe kwano. Duk abin da aka kawo a gefen Baffa ake jerawa, shi zai jawo ɗaya ya ɗaga murfi ya tura tsakiya, in an cinye ya jawo wani. Sauran gidaje yara ke kawo nasu a langa mai fure. Baba Sale shi ke ɗauko nasa da kansa, wani baƙin akushi na icce mai nauyi, da faifai a kife a kai. Kullum kuwa kafin a kai kan akushin sai Baffa ya shafa ciki ya ce, "Alhamdu lillahi, wuri ya cika. Na Yaya Sale a shiga da shi, su ma mutanen ciki su ɗanɗana hannun Goggo Ladi." Baba Sale ya ce, "Kuna dai cutar kanku, yau miyar ta yi daddawa." A yi dariya. Ni ke ɗaukar akushin in kai ƙofar ɗakin girki, Inna mahaifiyata ta karɓa ta shige da shi ita kaɗai. Jim kaɗan ta miƙo mini shi da ɗumi, ta ce, "Ba a mayar da kwanon mutane wayam." In kawo, tsohon ya karɓa ya tafi gida. Na yi kusan shekara biyu ina wannan aike, ban taɓa tambayar kaina komai ba.

A cikin masu zama akwai Alhaji Tanko, wanda a dā awon gyaɗa yake yi, ya samu kwangilar yashi ya wayi gari da babur da agogo mai sarƙa. Shi ne gwanina a lokacin, shi nake son in zama. Akwai kuma baƙo guda, wani farin dattijo Bayahude da ya zo aikin binne bututun famfo a garin. Sunansa ya yi kama da Haruna, sai aka bar shi a Haruna. Ya daɗe a wajen Jos yana gyaran injin ruwa, a can ya koyi Hausa mai kauri amma wadda ake ganewa. Ya karɓi hayar shagon jikin gidanmu yana ajiye kayan aiki, Baffa ya ce baƙon da ke jingine da katangarka ba ya cin abinci shi kaɗai, sai ya riƙa zama da su. Ba ya cin namanmu, ya ce addininsa yana da nasa yankan. Yakan zo da burodinsa, ya ɗebi gyaɗa, ya sha shayi. Alhaji Tanko ya kan ce masa, "Haruna, kai ba ka cin alade, mu ba ma ci, kana da kaciya, muna da ita. Ka musulunta mana ka huta." Shi kuma ya ce, "In na musulunta, Alhaji, wa za ka riƙa tsokana bayan tuwo?" Mu yara mun raina shi ƙwarai. Daga yammacin Juma'a ba a ganinsa sai Lahadi, ko ashana ba ya ƙyastawa ranar Asabar, muka sa masa suna malalacin Bature. Mukan bi bayansa muna kwaikwayon tafiyarsa, ni ne kan gaba.

Kwana uku bayan abin wadari, na ɗauki akushin zan shiga da shi. A soron tsakiya, inda ba kowa, na ce bari in tofa masa yawu a miya. Na ɗaga faifan. Babu tuwo, babu miya, babu ko alamar an taɓa zuba wani abu a ranar. A wanke yake tas, har yana ƙyalli. Na tsaya na gane komai a lokaci guda, kuma maimakon jikina ya mutu, daɗi ne ya kama ni. Na ji kamar na tsinci sule a hanya. Na mayar da faifan na kai wa Inna, na yi kwana biyu ina juya abin a raina ina gyara kalmomin da zan faɗa. Wannan nake so mai karatu ya riƙe: ba suɓutar baki ba ce. Shiri na yi.

Ranar Alhamis zauren ya cika, har da Haruna. An ci na gidan Alhaji, an ci namu, Baffa ya shafa ciki ya faɗi maganarsa ta kullum. Na taso na ɗauki akushin, na tsaya daidai fitila, na ɗage faifan na karkata bakinsa kowa ya gani. Na ce, "Baffa, wane tuwon za a kai musu? Ai wannan ko ƙuda ya faɗa ciki da yunwa zai fito." Na jira dariya. Guda ɗaya na samu, ta Alhaji Tanko, wadda ta kuɓuce masa ta hanci, ya yi maza ya mayar da ita tari. Sauran kowa ya sunkuyar da kai. Baba Sale yana riƙe da lomar ƙarshe ta tuwon gidanmu, ta kusa kai bakinsa. Ya mayar da ita gefen kwano a hankali. Fuskarsa ta yi toka-toka kamar an yayyafa mata gari. Ya jawo ruwa ya wanke hannu, ya ce alhamdu lillahi, ya miƙe ya karɓi akushin daga hannuna ba tare da ya dube ni ba. Ya karɓi faifan ma, ya rufe shi da kyau kamar akwai abin da zai huce a ciki. Ya ce, "Jama'a, mu kwana lafiya." Baffa ya ce, "Yaya Sale, yaro ne." Ya ce, "Na sani, Malam. Ni na yi masa kiran salla a kunne." Ya fita.

Na zaci duka zan sha, na ma shirya kukan. Baffa bai taɓa ni ba. Da mutane suka watse ya dube ni ya ce, "Shekara biyu magidanta bakwai suna riƙe da faifai ɗaya, ka zo ka ɗage da yatsa biyu." A nan na gane ashe ba wani asiri na tono ba. Kowa ya sani. Liman ya sani, Alhaji ya sani, har baƙon da ya zo jiya ya sani. Ni kaɗai ne jakin da ya ɗauka ya fi kowa ido.

Washegari da safe Haruna ya aiko a kira ni in riƙe masa bakin igiyar awo. Leburorinsa suna haƙa rami a bakin titi, amma sai ya ja ni can nesa, ƙarƙashin wata ɗorawa, inda ba mai jin mu. Ya tambaye ni me ya sa na yi haka. Na ce ai gaskiya na faɗa, ba komai a akushin. Ya ce, "Gaskiya ce. Amma ka dubi fuskarsa jiya? Jini ya bar ta. A shari'armu, wanda ya kunyata mutum a gaban jama'a, kamar wanda ya zubar da jini ake ɗaukarsa." Ya ce malamansu na dā sun koyar da cewa kowane ɗan Adam da darajar da Mahalicci ya yi shi da ita, mai riga goma da mai riga ɗaya, kuma wanda ya kushe tukunya magini ya kushe. Ya ce a wurinsu akwai dokokin da malamai suka kafa da kansu, masu nauyi, amma in bin su zai zubar da mutuncin wani sai a sassauta. Sadaka ma, in ji shi, mafi daraja ita ce wadda mai karɓa ba zai sunkuyar da kai ba, kuma bai taɓa ganin inda aka iya ta kamar zauren Baffa ba. Sannan ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai har yau. Ya ce laifin da ke tsakanin mutum da Allah, azumi da addu'a suna wanke shi, amma wanda ka yi wa ɗan'uwanka ba ya wankuwa sai ka taka ka je wurinsa ka roƙe shi. In ya ƙi ka koma, in ya ƙi ka sake komawa, har sau uku. "Ka je yau, Ɗanlami. Gidan ba nisa."

Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, dubi wanda zai koya mini addini, mutumin da ko alwala bai iya ba. Sai da na girma na lura cewa abin da ya faɗa, malamin allonmu ya sha faɗa mana irinsa a kan rufa wa mutum asiri da haƙƙin maƙwabci, muna rerawa da baki muna jifan juna da ƙwallon goruba. Kuma sai da na yi furfura na lura da abin da ya sa ya kai ni ƙarƙashin ɗorawa. Ni da na tsiraita dattijo a gaban sa'o'insa, bai yarda ya yi mini faɗa a gaban leburori ba.

Baba Sale bai sake zuwa ciyayya ba. Baffa ya je da kansa, liman ya je, ya tarbe su da fara'a ya ce ƙafa ce ke damunsa. Inna ta aika da tuwo a langa, aka dawo da shi ba a taɓa ba, da saƙon godiya cewa sun riga sun ci. Muddin akushinsa na shiga gidanmu a rufe, maƙwabci ne da ya kawo nasa aka ba shi tukwici. Da na ɗage faifan sai ya zama mai karɓar sadaka, shi kuwa ya gwammace yunwa da wannan suna. Muna ganinsa yana ramewa cikin rigar nan tasa. Goggo Ladi ta fara aikin surfe a gidajen da ba su san ta ba, can wata unguwa, da idon da ba ya gani sosai.

Na je ƙofar gidansa sau ɗaya. Na tsaya ina jin ƙarar ƙoshiyar saƙa daga ciki, na ɗaga murya zan yi sallama, sai na hango abokaina suna tahowa da ƙwallo. Na sunkuya na yi kamar ƙaya nake cirewa, na bi su. Da Haruna ya tambaye ni, na ce masa na je, tsohon ya ce ya yafe. Haruna ya dube ni ya daɗe. Karo na biyu a hanyar masallaci muka yi kiciɓis da Baba Sale, daga ni sai shi, na tsallaka kwata na canja lungu. Na uku shi ne ranar da surukinsa ya zo da motar itace daga Gitata ya kwashe su, bayan an cire doya. An ɗora itatuwan saƙa da tabarmi da ƙunshin gwadon da ba wanda ya saya. Unguwa ta fito sallama, ina raɓe a cikin yara. Da zai hau, ya waiga, duk yaran nan ni ya kira. Ya ce, "Ɗanlami, riƙe mini butar nan in taka." Na riƙe. Ya hau da ƙyar, ya miƙo hannu, na miƙa masa. Hannunsa ya taɓa nawa, ya ɗan dakata, yana kallona. Kalma uku kawai ake nema a wurina: ka yafe mini. Na buɗe baki na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya ce, "Amin. Ka yi karatu da kyau."

Bai kai damina biyu a Gitata ba aka aiko ya rasu. A garin da ba a san shi da gwado ba, ba a san shi da komai ba sai surukin wane da ya zo cin arziki. Haruna yana ɗaure kayansa zai bar Keffi a lokacin, aikin famfo ya ƙare. Na je taya shi ɗaukar akwati, na faɗa masa gaskiya cewa ban taɓa roƙon tsohon ba. Ya ce ya sani. Ya ce a wurinsu in wanda ka ɓata wa ya riga ka tafiya, mutum goma kake tarawa ka je kan kabarinsa, ka faɗi laifinka da ƙarfi su ji. Na ce mu ba ma yin haka. Ya ce, "To ka nemi yadda kuke yi." Na fi shekara talatin kafin in taka Gitata da wannan niyya, ni kaɗai, don ko a lokacin ban iya tara mutum goma su ji abin kunyata ba. Na tarar 'yar Baba Sale ta rasu, jikokinsa sun watse. Wani tsoho ya kai ni maƙabarta ya nuna mini fili da hannu, ya ce a nan wajen ne dai, amma ciyawa ta daɗe da shafe shi. Na yi addu'a a kan ƙasar da ban sani ba ko tasa ce.

Ciyayyar zaurenmu ba ta daɗe ba bayan tafiyar Baba Sale. Alhaji Tanko ya gina gida mai ƙofar ƙarfe ya koma cin nasa a kan tebur, saura ma kowa ya ja kwanonsa ciki. Yanzu zauren shagon cajin waya ne. Ina zaune a ƙofarsa da azumin bara aka zo rabon shinkafa a unguwa. An jera tsofaffi a rana, an ɗora wa kowa ɗan ƙunshi a ka, wani matashi mai babbar riga ya dafa kafaɗar wata dattijuwa yana murmushi, yaransa suna ɗaukar hoto suna ce mata ta ɗago fuska a gan ta da kyau. Kafin la'asar duk garin ya gan ta a waya. Na ji raini ya taso mini, na kusa magana, sai na tuna ba ni da bakin yi. Abin da suke yi da na'ura, ni da hannuna na fara yinsa. Iyayenmu ba su da famfo sai da baƙo ya kawo musu, ba su da lantarki, da yawansu ko sunansu ba su iya rubutawa ba, amma sun iya ciyar da mutum shekara biyu ba tare da ya san an ciyar da shi ba, ko kuma ya sani, su ma sun san ya sani, kowa ya yi shiru. Wannan shirun nake kewa. Na tsufa ina neman gafarar mutumin da ya tsaya ya jira ni, na ce masa Allah ya kiyaye hanya.